Neman Garin da Ba a Aron Murhu

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta ba. In na zauna a majalisar ƙofar gareji tambaya, in na fito daga masallaci tambaya, har mai shayin da ba ma ko doguwar gaisuwa ya tsare ni wai in ba shi labarin Nijar. Na faɗa na maimaita har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin. Jiya na ji wani yana rantsuwa wai aure na je nema aka koro ni. To ga shi daga bakina, ku karanta ku bar ni in yi waldata.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, walda nake yi a garejin yayana Alhaji Musa, inda ake gyaran tireloli. Kun san Potiskum da manyan motoci, tsofaffin ƙarafa ba sa ƙare mana. Wata rana ina kallon tarin rim, ƙarfen nan da ake ɗaura wa taya, jibge a bayan gareji suna cin tsatsa, sai dabara ta faɗo min. Na jawo ɗaya na yanka masa ƙofa, na yi masa ƙafafu uku, na sa masa raga a ciki da wurin kwashe toka. Jama'a, murhu ya fito! Tukunyar da ke cinye rabin buhun shinkafa ka ɗora masa, ko gezau. Bai cika cin gawayi ba, iska ba ta wasa da wutarsa. Mutanen gari suka sa masa suna Ɗan Tirela.

Na sayar da ɗaya a unguwarmu Hausari, aka sayi ɗaya aka tafi da shi Danchuwa, wani ya kai ɗaya Gadaka. Kaina ya kumbura. Na duƙufa ba dare ba rana, na ƙera sun fi talatin, na jera su a gefen gareji ina jiran layi.

Layi kuwa ya zo, amma na 'yan aro. Abin da ban yi tunani ba shi ne, ba mai dafa rabin buhu kullum, sai ranar suna ko biki, kuma Ɗan Tirela ba ya lalacewa balle a sake saye. Wanda ya tafi Gadaka, an ce ba bikin da bai halarta ba har cikin Fika. Da mutane suka gane cewa maƙerin da kansa yana da tuli, sai suka daina wahalar da maƙwabta suka dawo kaina. To wa zan hana? Wannan ƙanwar matar kawuna ce, wancan tare muka yi makaranta, wancan kuma shi ya yi wa mahaifinmu wanka ranar da ya rasu. A ɗauka fes, a dawo min da shi baƙi ƙirin, da ɗan kwanon ƙanzo wai tukuici.

Ran nan Yaya ya kira ni ofishinsa, ya cire tabarau ya ajiye. In ya yi haka ba alheri.

"Habu, gareji na buɗe ko gidan aro?"

"Gareji ne, Yaya."

"To tarkacen nan naka sun cinye min wurin mota guda. In wata ya mutu ba ka samo masu saye ba, 'yan gwangwan zan kira su ɗora su a sikeli."

Wallahi maganar nan ta soke ni. Duk tsawon rayuwata abin wani nake gyarawa, wannan kaɗai ne abin da ya fito daga kaina, shi ne za a auna da kilo a narke. Na fito ina haɗa hanya, sai na ci karo da Modu, wani direban tirela Babarbare da ke yawan zuwa Nijar. Na zayyana masa damuwata. Ya ce, "Kai Habu, ka tafi Damagaram mana. Can kam mutane ba aro. Kowa da nasa." Na ce ka tabbata? Ya ce shi dai duk zuwan da yake yi ba wanda ya taɓa aron komai a wurinsa. Ban tsaya na tuna cewa Modu ba shi da komai sai buta da bargo ba. Ya ba ni sunan wani fatoma mai saukar da baƙin 'yan kasuwa, na zaɓi murhu ɗaya mafi kyau na shafe shi da baƙin fenti, na yi sallama da iyali.

Rigima ta fara tun daga tasha. 'Yan kamasho suka taru a kan Ɗan Tirela, mutum biyu suka ɗaga suka sauke, suka ce wannan ba kaya ba ne, fasinja ne. But ɗin motar ya ƙi rufuwa da shi, dole na biya masa kujera, aka zaunar da shi kusa da taga ni ina gefensa. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne motar ta kusa cika, saura mutum biyu. Kusa da ni wani dattijo ne mai fara'a, da jakarsa a cinya. Na sayi ƙosai muka ci tare, na ba shi labarin murhu, da na Yaya, har da ciwon bayan da ke damuna. Ya tausaya min ƙwarai.

Sai na lura duk sanda fasinja ya shigo, wani daga cikin na zaune sai ya tuna yana da uzuri ya fita. Ana ta shiga, amma kullum saura mutum biyu. Rana ta ɗaga sosai sannan wata mata ta zo da 'ya'yanta, dattijon nan ya miƙe ya karkaɗe riga.

Na ce, "Baba, ina zuwa? Yanzu za mu tashi fa."

Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, ɗana. Ni a nan nake aiki."

"Wane aiki?"

"Zama. Ba mai shiga motar da ba kowa. Mu muke cika ta har masu tafiya su zo."

Ya sauka ya shiga motar da ke bayan tamu ya ɗora jakarsa a cinya. Ƙosaina! Amma na riƙe abin a raina, na ce ko ni ma in ɗauki mutane su riƙa tsayuwa a gaban murahuna suna taya su da ƙarfi. Sai na tuna mutanen garinmu, waɗanda zan ɗauka ɗin ma aro za su nema in an tashi.

A Azare direba ya wuce masu abinci reras, ya kai mu wata rumfa can ciki inda shinkafar ta sandare, miyar kuma kamar an wanke tukunya. Muna ta tura abinci da ruwa, na leƙa bayan labule na hango direbanmu a kan tabarma, gabansa kaza guda da lemo mai sanyi, mai abincin tana tambayarsa ko a ƙaro. Wani fasinja ya ce min ai direba ba ya biya. Mai abincin ba ta damu da bakinmu ba, bakin mutum ɗaya take lallashi, shi kuma ya kawo mata mota guda. Na jinjina mata, duk da cikina bai yafe ba har Wudil.

A Kano na sauka wurin ƙanin matata, Nafi'u. A gida ana ta cewa Nafi'u ya zama babban ɗan kasuwa, atamfa, takalma, agogo, har firji. Na ce ya kai ni shagonsa in sa albarka. Ya ɗaga wayarsa ya ce, "Yaya Habu, ga shagon." Ashe ko tsinke ba shi da shi. Sai ya shiga kasuwa ya ɗauki hoton kayan mutane ya ɗora a waya, in wani ya ce yana so, ya karɓi kuɗi ya je ya sayo ya ba mai mota. Na ce to in mai kayan ya riga ya sayar fa? Ya ce sai a ce wa mai saye kalar ta ƙare.

Ya ce in kwantar da hankalina, kafin la'asar zai sayar min da murahu kaf. Ya sa muka fito da Ɗan Tirela tsakar gida, ya kewaye shi da waya yana magana da wata murya da ban san shi da ita ba, ya sa ni na tsaya a gefe ina nuna shi da hannu biyu kamar na haifi ɗa. Saƙonni suka fara shigowa. Mutum ya ce "nawa?", a faɗa masa, ya ɓace. Wata ta ce ko akwai ruwan hoda. Wani ya ce ana caji ne ko batir ake sawa. Wani daga Legas ya ce a aiko masa ya gani, in ya yi masa zai biya. Can wayata ta yi ƙara, na ɗauka da sauri. Maƙwabcina ne na Hausari.

"Habu, na gan ka a waya, ka yi kyau wallahi. Ashe ba ka gari? To tunda ba ka nan, bari mu ɗauki biyu a gareji, gobe muna da walima."

Na kashe wayar na ce wa Nafi'u ya sauke hoton nan tun kafin Potiskum gaba ɗaya ta gani. Na ci gurasa da ƙuli na kwanta da baƙin ciki.

Washegari muka bi ta Kazaure da Daura muka isa Kongolam, bakin iyaka. Nan aka sauke kaya, wani jami'i ya tsaya a kan Ɗan Tirela yana kallonsa ta sama, yana kallonsa ta ƙasa.

"Malam, wannan kayan mota ne ko kayan girki?"

"Na girki ne, yallaɓai."

Ya kira abokin aikinsa. Wancan ya ƙwanƙwasa ya ce shi ɗan direba ne, ya san rim in ya gan shi. Wannan ya ce rim ba ya da ƙafa. Suka ja, suka ja, fasinjoji suka shiga, aka rabu gida biyu, har wata tsohuwa ta ce ita kam turmi ta ɗauka. Babbansu ya fito, mutum mai sanyin magana, ya ce abin ai ba na musu ba ne, a hura masa wuta a gani. Wani mai shayi da ke gefen titi ya kawo gawayi da ƙatuwar butarsa. Kafin a gama gardamar waye ya fara cewa rim, ruwa ya tafasa. Aka yi shayi kowa ya sha, babban ya ce murhu ne, kuma murhun kirki. Ina ta washe baki, sai mai shayin ya jawo ni gefe.

"Maigida, ka bar min shi aro mana har ka dawo."

Na daure na ce a raina, ai har yanzu a Najeriya muke. Muka jira ya huce, aka ɗaure shi a kan babur, wanda can suke ce wa kabu-kabu. Ya cinye kujerar kaf, mai babur ya zauna a kan tanki, ni na bi su a ƙafa har Ɗan Barto ina ihu a yi a hankali.

Jandarmomin Nijar ba su yi musu ba. Ɗaya ya duba katina, ya dubi murhu, ya ce "Dakor," wato ya yarda, ya ɗaga hannu mu wuce. Aka ɗora Ɗan Tirela a saman wata tsohuwar bas tare da buhuna da raguna, wani bawan Allah ya zuba kajinsa a ciki wai ya samu akurki. Muka bi ta Matamaye, mota tana tafiya tana tsayawa, duk ƙauye sai direba ya sauka ya gaisa da dangi. Ba mai gaggawa. Na yi tsaki sau ɗaya, mota gaba ɗaya ta juyo, wani ya ce, "Ɗan Najeriya ne," kowa ya gyaɗa kai kamar an faɗi ciwon da ke damuna.

Fatoman da Modu ya haɗa ni da shi, Alhaji Isuhu, gidansa ba nisa da Kasuwar Dole. Aikinsa irin na fatomomin kasuwar shanunmu ne: baƙo ya sauka a gidansa, ya ci ya sha ya kwana, shi ya nemo masa mai saye ya cire la'adarsa. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, komai ka faɗa sai ya ce "Lahiya lau." Ya ba ni tabarma a zaure tare da wani Buzu mai dabino. Buzun nan ya ɗora shayi a wani ɗan mitsitsin murhun waya da bai kai tafin hannuna ba, ya dubi nawa, ya dubi nasa. Shayin kuwa a ɗan kofi kamar na maganin tari, ɗaci kamar maɗaci, kuma wai sai ka sha zagaye uku, in ka tashi a na farko ka yi rashin kunya. Na sha ukun, ban runtsa ba sai da gari ya waye.

Abincinsu dai ba laifi. Dambu da zogale da ƙuli sun iya shi, kilishinsu kuma na sara masa. Burodinsu ne ban gane ba, dogo kamar sandar makiyayi, a ɗaure shi a bayan keke tsirara ba leda, ka gutsura ya kankare maka dasashi. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne da rana ta take sai a rufe shaguna a tafi barci. Mu da ko Sallar Idi muke da ido ɗaya a kan shago! Na ce wa fatoma, in mai saye ya zo fa? Ya ce ai shi ma mai sayen barci yake.

Ranar kasuwa aka kai Ɗan Tirela aka girke. Maza suka kewaye shi. Wannan ya ƙwanƙwasa, wancan ya hau kansa ya yi tsalle, wani ya sa aka kifa shi yana leƙa cikinsa kamar mai duba haƙorin bijimi. Kowa ya ce kayan kirki. Na ji daɗi har na fara lissafa tirelar da za ta kwaso sauran. Sai wani dattijo mai rawani ya shafa shi ya ce, "Madalla da maƙeri. Irin wannan ai guda ɗaya ya ishi unguwa."

Na ce, "Baba, ya ishi unguwa ta yaya?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ina gabas. Muka dawo gida da murhunmu ba wanda ya ko taya.

Da safe na dawo daga masallaci na tarar da zaure wayam, sai Buzu da ɗan murhunsa. Na ruga wurin fatoma.

"Alhaji, an sace murhu!"

"Lahiya lau, Malam Habu. Maƙwabta ne ke da suna, suka aiko aro. Ai ba a hana maƙwabci."

Na zauna a ƙasa daɓas. Na ƙetare jihohi, na biya wa ƙarfe kujera, na bi babur a ƙafa, na sha ɗaci zagaye uku, ashe aron ya riga ni isowa. Da Modu yana kusa da sai an raba mu. Na ce wa fatoma ya tashi mu je mu karɓo kayana, gida zan koma. Muka je gidan suna, aka ce ai an gama dafuwa tun da hantsi, gidan bikin bayan masallaci sun ara. Muka je gidan biki, aka ce Hajiya Baraka mai tukwane ta gani ta sa an kai mata ta duba. Aron ma aronsa ake yi.

Hajiya Baraka dattijuwa ce mai jiki, mijinta ya daɗe da rasuwa, muryarta kuwa tun daga waje muke jin ta. Muka yi sallama aka ce mu shigo. Tsakar gidan cike da manyan tukwanen biki a kife, da farantai, da ludaya kamar shebur. Tana zaune a kujera, Ɗan Tirela a gabanta da tukunya a kai.

"Kai ne maƙerin? Zauna. Hannunka na da albarka, amma fuskarka ta wanda dangi suka cinye ce. Aro ko?"

Ban san sanda na ce, "Hajiya, wa ya faɗa miki?" ba.

Ta yi dariya har tana dukan cinya. Ta ce ita da haya take ba da tukwanen nan, kuma sana'ar ta yi mata rana, da ita ta aurar da 'ya'yanta. Na ce dangi fa, ba sa aro? Ta ce suna zuwa mana, sai ta ce musu, "Wallahi ba nawa ba ne, na wani Alhaji ne a Maraɗi, ni tsaro kawai nake." Mutum zai iya cin kayan ɗan'uwansa ya kwana lafiya, amma kayan baƙo, amana, kowa na jin nauyinsa. Sai su zagi Alhajin Maraɗi su biya.

"To ina matsalar, Hajiya?"

"Matsalar ita ce babu wani Alhaji a Maraɗi. Ni na ƙera shi yadda ka ƙera murhunka. Da Allah ya kira ni Makka, na riƙe rigar Ka'aba na yi alkawarin na bar rantsuwa a kan ƙarya. Na dawo suka zo aro, na kasa rantsewa. Suka ce Alhajin Maraɗi rasuwa ya yi? Na ce bai ma taɓa rayuwa ba. Tun ranar ban sake ganin ko dala ba. Ka ga waccan babbar? Sai da na yi aron ta daga wurin wadda ta are ta."

Ni da ita, kowa na jin ciwon ɗan'uwansa. Fatoma ya ce, "Lahiya lau." Can ta gyara zama ta ƙura min ido.

"Irin wannan nawa gare ka a gida?"

"Sun fi talatin."

"Tukwanena ma haka. Malam Habu, ka sayar min da murahunka duka, in biya ka da tukwanena duka."

Na ce Hajiya, kuɗin motar da zai kawo su nan ya kai waɗancan can ai ya fi ƙarfinmu. Ta ce wa ya ce maka za a motsa su? Murahu su zauna a Potiskum, amma nata ne, ni wakili. Tukwane su zauna a Damagaram, amma nawa ne, ita wakiliya. Duk wanda ya zo aro, kowannenmu ya ɗaga hannu ya rantse da gaskiyarsa cewa ba nasa ba ne. Kuɗin haya wakili ya riƙe ladan tsaronsa, ya ware na mai kaya. Ta ce, "Abin da zan aiko maka da abin da za ka aiko min, in sun haɗu a Kongolam sai su gaisa."

Na yi dariya, sai na ga ita ba ta yi. Ta aika aka kira limamin unguwa. Ya saurara har ƙarshe, ya shafa gemu, ya ce musaya ciniki ne halal, amma fa ba wasa ba. In an ƙulla, murahu sun zama nata har ga Allah. In ta bushi iska ta ce a kawo mata su gobe, sai an kawo. Ko matata ce za ta dafa abincin suna, sai na nemi izini ko na biya. Ya ce, "Ka yarda?"

Nan fa wasa ya fita daga raina. Na tuna yadda na yanka kowane ɗaya, da tartsatsin da ya ƙona min hannu, da wanda ƙafarsa ta ƙi daidaita sai da na sake ta sau da yawa. Na fito neman mai saye, amma ban taɓa kawo wa raina cewa zan rabu da su duka a zama ɗaya, in koma mai gadinsu ba. Sai sikelin 'yan gwangwan ya faɗo min. Na ce, "Na sayar." Ta ce, "Na saya. Ni ma na sayar." Na ce, "Na saya." Aka shafa fatiha. Na waiga na dubi tukwanen da suka zama nawa, ni da ko ruwan zafi ban iya dafawa ba.

Fatoma ya yi gyaran murya ya ce saura la'ada, kuma tunda cinikin ba kuɗi a ciki, shi wannan murhun da na zo da shi ya ishe shi. Hajiya ta ce ta ba shi. Ban yi baƙin ciki ba ko kaɗan. Muna fitowa da shi wata mata ta leƙo ta katanga tana tambayar ko Alhaji zai ara musu jibi. Ya ce, "Lahiya lau," amma a karon nan muryar ba ta fita sosai ba.

Dawowa ba wani labari, kujera ɗaya na biya kamar kowa. Na sauka a Potiskum da hantsi na wuce gareji ko gida ban je ba, kuma Allah ne ya sa. Wata bai ƙarasa mutuwa ba, amma Yaya ya gaji da jira. Ga mai gwangwan ya rataye sikelinsa, ga amalanke, har an jawo murhu ɗaya gaba.

"Yaya, a dakata!"

Ya juyo ya dubi hannuna. "Ka dawo? Ina masu sayen?"

"An saye su duka."

"Duka? To ina kuɗin?"

"Tukwane ne. Suna Damagaram."

Ya cire tabarau. Na yi sauri na kwashe labari na faɗa masa, mai gwangwan ya saki baki yana saurare. Yaya ya ce shi tunda yake bai taɓa jin shirme irin wannan ba, kuma shi za a raina wa hankali da wata Hajiyar da ba ta wanzu ba. Na buga wa Hajiya waya na miƙa masa. Ba sai an ƙara murya ba, duk gareji ana jin ta. Ta gaishe shi da kyau, ta tambayi iyali, sannan ta ce tana jin an ce shi mutum ne mai tsoron Allah, ga amanar marainiyar Allah nan a garejinsa, ranar gobe ƙiyama shi za ta nuna. Yaya ya fara da "Amma Hajiya," ya koma "Haka ne Hajiya," ya ƙare da "In sha Allahu Hajiya." Ya miƙo min waya, ya ce wa mai gwangwan ya sauke sikelinsa ya yi haƙuri. Na mayar da murhun nan layinsa da hannuna.

Ba a jima ba sai ga maƙwabcin nan nawa da ya kira ni a Kano, ya zo da fara'arsa wai a ara masa uku, ƙanwarsa ta haihu. Na miƙe tsaye, na ɗaga hannu sama, na ce, "Wallahi tallahi ba nawa ba ne. Na wata Hajiya ce a Damagaram, ni tsaro kawai nake. Haya take bayarwa." Ya dube ni, ya dubi Yaya. Yaya ya ce, "Gaskiya ne, yanzu muka gama waya." Mutumin ya ce mutanen Nijar ba su da zumunci, ya ce duniya ta lalace, ya ce a gaya wa matar nan ta ji tsoron Allah. Sannan ya sa hannu a aljihu.

Yaya yana tsaye yana kallo har aka loda murahun a amalanken mai gwangwan, wanda shi ma ya samu aikin dako. Da ma a motar Yaya ya kamata a kai su, akori-kurarsa sabuwa, amma tun jiya wani ɗan kawunmu ya are ta ya kai gara Gadaka, daga can wani ya karɓa ya ɗebo yashi, kuma ba wanda ya taɓa dawo da ita da mai a tanki. Ya leƙa titi ko zai hango ta, bai hango ba. Ya matso kusa da ni, ya waiga hagu da dama, ya yi ƙasa da murya.

"Habu, ita wannan Hajiyar taka, tana sayen mota?"